A daina gaggawar fiƙe wa yaranmu haƙora bayan an cire musu waya

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya jama'a ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira da ɗaukaka, amin.

Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani yayi da ya shigo garin nan na Kano yake ɗibar 'yammata da amare, yanzu har samari sun fara shiga, wato liƙa biniya a haƙori. Ga wanda bai sani ba, biniya wani ɗan siririn ɓawo ne, akwai na tangaran akwai na wata irin roba mai tauri da suke ce wa kwamfozit, ana manna shi a fuskar haƙoran gaba sai kaga haƙoran mutum sun koma fari fat, tsayi ɗaya faɗi ɗaya. Waɗanda suka fi tsaya min a rai su ne yaran da suka gama saka wayar haƙori, biresis ɗin nan, yarinya ta sha wahala shekara ɗaya da rabi ko biyu wata ma fiye, an cire waya haƙora sun jeru lafiya ƙalau ba tsutsa ba karaya, sai wani ya zo yace mata ai aiki bai kammala ba sai an ɗora biniya, ga biki ya matso, shikenan sai a je a sa inji a kankare lafiyayyen haƙori sati biyu ko uku da cire waya. Wannan gaggawar ce naga bazan iya yin shiru a kanta ba.

Ni ba likita ba ce, sana'ata gyaran amare ne, dilka da halawa da lalle da turare. Amarya takan yi kwanaki tana zuwa wajena kafin biki, fuskarta a hannuna bakinta a buɗe muna hira, don haka abin da mai hoto baya gani ni ina gani. Sannan babbar 'yata ta saka waya, ni nayi ta jigilar kai ta wajen likita tun ranar da aka saka har aka cire, kuma ni mace ce mai yawan tambaya, Allah ya haɗa mu da likita mai haƙuri da baya ƙosawa da bayani, abin da ban gane ba nakan dawo gida in sa yara su duba min a waya mu karanta tare.

Mu Kanawa son kwalliyar haƙori ba yau muka fara ba. Kakanninmu mata da fure da goro suke rina haƙori yayi ja, iyayenmu kuma in an dawo daga aikin hajji sai kaga haƙorin Makka yana walƙiya, wushirya kuwa har yabon mace ake da ita. To amma fure in an bari yana fita, haƙorin Makka guda ɗaya ne ko biyu. Yanzu magana ake ta haƙora takwas, goma, wasu har ashirin sama da ƙasa a zama ɗaya, kuma wannan ɗin in an yi an yi kenan har abada.

Ga dalili. Haƙori yana da wani farin rufi a samansa, inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi tauri, amma kuma baya sake tsirowa. Fata in ta yanke tana haɗewa, ƙashi in ya karye ana ɗori ya kama, farce ma yana fitowa, shi kam inamel abin da aka kankare ya tafi. A haƙoran gaba kaurinsa wajen milimita ɗaya ne a tsakiya, can kusa da dasashi ko rabin milimita ba ya kaiwa sosai. Biniyar tangaran kuma kafin a liƙa ta yawanci sai an kankare wajen rabin milimita don ta samu wajen zama kar haƙori yayi tudu. Kaga kenan in hannun mai aikin ya ɗan zarce kaɗan ya wuce inamel ya shiga dentin, wato ɓargon ciki mai launin rawaya-rawaya wanda yake da ƙananan ƙofofi da suke kaiwa ga jijiya, daga nan ne zugi yake farawa in an sha sanyi ko zafi, kuma gam ɗin da ake liƙa biniya da shi ya fi kama inamel nesa ba kusa ba, a kan dentin baya riƙewa kamar haka. Duk wacce ta taɓa riƙe kwanon langa ta san wannan, muddin fentin yana nan kwano yana nan, ranar da ya ɓantale ta nan tsatsa take shiga.

Sannan abin da masu talla basa faɗa da ƙarfi, biniya ba ta mutu-ka-raba ba ce ita kanta, amma buƙatarta ta mutu-ka-raba ce. Ta tangaran in an yi ta da kyau an kula da ita takan yi shekara 10 zuwa 15, wata ta wuce haka, ta kwamfozit kuma wajen 5 zuwa 7 sai ta fara dushewa ko ɓantalewa. In ta lalace ba a cewa a cire kawai a koma yadda ake da, tunda haƙorin da ke ƙasa an riga an rage shi, dole a sake wata. To ayi lissafi mana, yarinya 'yar shekara 22 in Allah ya ba ta tsawon rai ta kai 70, sau uku ko huɗu kenan za'a sake mata wannan aikin, kuma kowane sakewa akan ƙara taɓa haƙorin. Kuɗin kuma haƙori ɗai-ɗai ake lissafawa, kayan aikin daga waje suke zuwa, duk sanda dala ta motsa sun motsa. Yau Baba ne ko ango ya biya cikin zumuɗin biki, nan da shekara goma sha biyu fa, ga kuɗin makarantar yara ga haya ga cefane, wa zai ɗauko kuɗin haƙora goma? Abin da zai faru shi ne ta zauna da fasasshiyar biniya tana rufe baki da mayafi in zata yi dariya.

Yanzu in zo kan maganar lokaci, don ita ce ta fi shafar waɗanda suka cire waya. Yadda likitan 'yata ya min bayani, haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa ba, wasu siraran zaruruwa ne suke riƙe da saiwarsa, waya tana aiki ne ta hanyar matsa shi a hankali, ƙashi yana narkewa ta gaba yana ginuwa ta baya har haƙori ya isa inda ake so. Ranar da aka cire waya waɗannan zaruruwan basu gama yarda da sabon wajen ba, na jikin saiwa suna ɗaukar wata uku zuwa huɗu kafin su daidaita, na cikin dasashi kuma wasu har kusan shekara suna jan haƙori suna so ya koma gidansa na da. Shi ya sa ake bada ritena, ko dai robar nan mai haske da ake sawa a cire ko siririyar waya da ake mannawa ta bayan haƙora. Ban da haka, mafi yawan yara lokacin da aka cire musu waya dasashinsu a ɗan kumbure yake saboda wahalar goge baki da ƙarfe a ciki, sai an yi makonni ko watanni kafin ya saɓe ya koma asalin layinsa. To in aka auna biniya a kan kumburarren dasashi, in ya saɓe sai bakin biniyar ya fito fili, kaga wani layi a saman haƙori inda datti yake maƙalewa. In kuma haƙori ɗaya ya ɗan juya bayan an liƙa, duk tsarin ya karkace. Saboda haka ne likitocin ƙwarai suke cewa a jira watanni tukun, da yawa sukan ce wajen wata shida, ana saka ritena ba fashi, kafin ma a zauna a yi maganar biniya. Kuma ko an yi biniyar bata hana haƙori motsi, tsohuwar ritenar roba ma bazata ƙara shiga ba tunda siffar haƙori ta canza, sai an sake auna sabuwa. Yara nawa ne aka gaya wa wannan?

Akwai wata amarya da na yi wa gyara, yarinya kyakkyawa mai natsuwa, muna cikin lalle hannuwanta duka a ɗaure sai ƙanwarta ta kawo mata zoɓo mai sanyi ta kai mata baki, wallahi kurɓa ɗaya tayi naga ta runtse ido ta ɗage kai hawaye ya taru mata, tace a nemo mata sitiro, da aka kawo sai ta tura shi can gefen kunci tana zuƙa a hankali don kar ya taɓa na gaba. Nace 'yata lafiya? Tace Anti tun da aka yi min haƙoran nan haka nake, ko iskar fanka in na buɗe baki ina ji. Na ce ta buɗe in gani. Haƙoran fari ƙal har wani shuɗi-shuɗi suke, amma dasashin da ke samansu jajur ya yi sumtum, kuma duk a haɗe suke babu inda zaren sakace zai ratsa tsakaninsu, an shafe su kamar abu ɗaya. Tace bata fi sati uku da cire waya ba aka yi mata, kuma ba inda aka saka mata wayar ba ne, wani waje ne ƙawarta ta gani a Instagram. Na tambaye ta ritenarta, tace ai tun ranar bata ƙara shiga ba ta ajiye. Ga turaren da na yi mata kwana da kwanaki, amma in ta matso tana magana akwai ɗan wari da yake fitowa wanda ba na rashin tsafta ba ne, na abincin da yake kwana ƙarƙashin abin da burushi baya kaiwa ne. Na kira mahaifiyarta gefe nace Hajiya dan Allah ana gama biki a kai ta wajen likitan haƙori na gaske, kar a bari. Yarinyar nan iyayenta sun kashe kuɗi shekara biyu don haƙoranta su yi kyau, kuma sun yi kyan, na ga hotonta na ranar cire waya a wayarta.

Abin da na lura, yawancin abin da yake sa yara su ji haƙoransu basu yi ba bayan cire waya ƙananan abubuwa ne masu sauƙin magani. Na farko farin tabo, wani ɗan dabbare-dabbare kamar alli a zagayen inda ƙarfen ya zauna, wannan alamar inamel ya fara rauni ne saboda datti ya daɗe a wajen. 'Yata ma ta fito da shi a haƙora biyu na sama, ranar har kuka tayi a mota tana cewa Umma gara ma da ba'a cire ba. Da muka koma likita ya busar da haƙorin da iska ya haska fitila ya nuna mana iyakar tabon a madubi, yace a ba shi lokaci, yawu da makilin mai fuloraid suna mayar da wani abu daga abin da ya zube a watannin farko, in bai tafi ba akwai wani ruwan magani da ake shigarwa cikin tabon ya saje ba tare da an fiƙe komai ba. Haka kuwa aka yi, ɗaya ya dushe da kansa ɗayan aka yi masa maganin. Na biyu launi, yarinya taga haƙoranta sun yi rawaya, to a fara da wankin haƙori a asibiti a cire dattin da ya daskare, in bai isa ba akwai bilicin ɗin haƙori da likita yake yi, ba irin na kasuwa da ake haɗawa da gawayi da lemon tsami ba, wannan cinye inamel yake. Na uku bakin haƙori da ya ɗan ɓantale ko wani ya fi wani tsayi, ko ɗan baƙin gurbi tsakanin haƙora kusa da dasashi, duk waɗannan ana iya ɗiga kwamfozit kaɗan a wajen kawai a gyara, ko a ɗan goge bakin ya daidaita. Ko wacce ma za'a yi wa biniya a haƙori ɗaya ko biyu, ƙa'ida ita ce a fara bilicin ɗin sauran, a jira wajen sati biyu launi ya tsaya kuma gam ya iya kamawa, sannan a zaɓi kalar biniya daidai da su, don ita biniya bata jin bilicin, kalar da aka saka ita ce har ta mutu.

Kar a ce ina ƙin biniya gaba ɗaya, a'a, tana da wajenta kuma na ga inda ta yi rana. Akwai waɗanda aka haifa da ƙaramin haƙori mai tsini a gefen manyan biyu na gaba, irin wannan likitan waya da kansa yake barin gurbi daidai gwargwado don a zo a cika shi daga baya. Akwai masu tabon ruwan ƙasa-ƙasa da ya samo asali daga ruwan sha mai yawan fuloraid tun suna yara, irin wanda aka sani a wajajen Kaltungo a jihar Gombe da Langtang a Filato. Akwai waɗanda aka ɗura wa kafson ja da yalo suna ƙanana, tetirasaikilin, ko mahaifiyarsu ta sha da cikinsu, haƙori ya fito da launin toka daga ciki wanda ba burushin da zai fitar, shi ya sa ma ake hana bai wa yaro ƙasa da shekara 8 da mai ciki wannan maganin, mu kuma nan kowane gudawa sai a aika kemis a siyo shi. Akwai wanda ya faɗi a mashin haƙori ya karye. Waɗannan in sun yi waya sannan aka yi musu biniya daidai ne, hasali ma wayar taimako tayi, don haƙorin da ya miƙe kaɗan ake kankarewa, karkatacce kuwa sai an ci shi sosai kafin ya jeru da 'yan uwansa. Amma irin wannan tun kafin a saka waya ake tsara shi, likitan waya da likitan da zai yi biniyar su zauna su yi magana ɗaya, kuma sai yaro ya gama girma, ba 'yar shekara 15 ko 16 ba wacce dasashinta ma bai gama tsayawa ba kuma jijiyar haƙorinta tana da faɗi tana kusa da waje.

Masu tallar nan suna yawan cewa murmushin Holiwud. To gaskiya ne daga can abin ya fito, wani likitan haƙori ne a Kalifoniya mai suna Charles Pincus ya fara yi wa 'yan fim a 1928, amma nasa na ɗan lokaci ne, a manna a ɗauki fim a cire, haƙorin mutum yana nan yadda yake. Sai a 1955 wani likita Michael Buonocore ya gano cewa in an shafa wa inamel asid kaɗan abu yana kama shi gam, sannan a farkon shekarun 1980 aka kai ga liƙa tangaran ya zauna dindindin. Kaga tun asali sirrin aikin a kan inamel yake, wanda ya kankare shi duka ya zubar da abin da zai riƙe masa aikin.

Sai masu zuwa Turkiyya ko Dubai ko Masar su dawo cikin sati guda da sabon baki. Ba ina cewa babu likitocin kirki a can ba, akwai su, amma da yawa abin da ake musu ba biniya ba ce ma, hula ce ake kifa wa haƙori gaba ɗaya, kuma kafin hula ta shiga sai an fiƙe haƙori ta ko'ina ya koma ɗan tsinke. Wani bincike da aka buga a 2002 ya auna cewa hula tana cin kashi 63 zuwa 72 cikin 100 na haƙorin da ke waje, biniya kuma kashi 3 zuwa 30. Haƙorin da aka ci haka jijiyarsa tana iya mutuwa daga baya ya tara mugunya sai an yi aikin kashe jijiya. Kuma in matsala ta taso bayan wata shida kana Kano mai aikin yana Istanbul, wa zaka kama? A Ingila ma likitocinsu kuka suke da masu dawowa da irin wannan.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na cikin gida, masu yi a shagon gyaran gashi ko a ɗaki ko ma su zo har gida da 'yar jaka, sun yi kos na kwana biyu-uku sun buga satifiket sun buɗe shafi a TikTok. Ba mu kaɗai ba ne, a Amurka ma sai da ƙungiyar likitocin haƙorinsu ta fitar da gargaɗi a 2024 kan irin waɗannan. A ƙasar nan likitan haƙori shekara shida yake a jami'a, ya ƙara shekarar koyon aiki a asibiti, kuma sai da lasisin MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a Najeriya, yake taɓa bakin mutum, likitan waya kuma sai ya ƙara wasu shekarun a kai. Shi mai haɗa haƙorin roba da tangaran a ɗakin gwaji sana'arsa daban ce mai daraja, amma shi ma aikinsa haɗawa ne bisa awon likita. Wanda bai iya ɗaukar hoton haƙori ya karanta ba ta yaya zai san akwai tsutsa a tsakani? Rufewa zai yi a kanta tana ci ta ciki ba'a gani. Masu kos ɗin kwana biyun nan su ne dai masu saka wa yara wayar gayu ta ƙarya wacce ba likita a bayanta, ita ma tana iya jan haƙori ta karkatar da shi. Ga batun kayan aiki da ake sa wa wannan a baki a sa wa wancan, dasashi kuma yana jini, ga ciwon hanta yana yawo a gari.

Sannan a duba irin cimarmu. Mu masu shan rake ne da cin aya da gurjiya da kilishi da goruba, masu tauna ƙashin kaza da ƙanƙara lokacin zafi, maza har da ɓare goro da buɗe kwalba da haƙori, mata kuma yanke zare da buɗe fil. Mai biniya duk wannan da haƙoran gaba ya haramta gare ta, tangaran ne, yana tsagewa. Ta kwamfozit kuma tana shan kalar zoɓo da shayi da kofi da goro. Wacce take taune haƙora cikin barci sai an yi mata robar barci in ba haka ba ta farfasa su da kanta. Ya kamata yarinya ta ji duk wannan kafin ta hau kujera.

Ta fuskar addini ma akwai abin dubawa, duk da wannan fagen malamai ne. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya ambaci masu goge haƙora su buɗa tsakaninsu don neman kyau suna canza halittar Allah, a ɗaya ɓangaren kuma ga sahabi Arfaja da hancinsa ya yanke a yaƙi, ya sa na azurfa yayi wari, Manzon Allah sallallahu alaihi wasallam ya umarce shi ya sa na zinare. Daga irin waɗannan ne malamai suke rarrabe gyaran aibi da larura da kuma ƙarin ado kawai. Mai karyayyen haƙori ko mai tabo hukuncinta ba ɗaya ba ne da mai lafiyayyen haƙori da take son ya fi na ƙawarta fari, ina roƙon malamanmu su yi wa mata bayanin wannan a islamiyyu da wajen tafsiri, don tambayar tana zuwa min ni kuma ba ni da ilimin amsawa.

Iyaye mata 'yan uwana, mu ne a kusa. Matsin nan daga hotunan kafin biki yake zuwa da ƙawaye da abin da suke gani a waya wanda rabinsa filta ce, wani lokacin ma ango ne ko danginsa za su jefo magana. Haƙorin ɗan Adam na asali ba fari ƙal ba ne, yana da ɗan ruwan madara kuma bakinsa yana ɗan ɗaukar haske, wannan shi ne lafiyarsa. Garin neman gira kar a rasa ido. In 'yarki ta dage, ku koma wajen wanda ya saka mata wayar tukun, shi ya san saiwoyin nan, ya san inda ya ɗauko kowane haƙori. In kun je wajen mai biniyar ki tambaye shi da bakinki, biniya ce ko hula, haƙora nawa kuma me ya sa kowanne, nawa za'a kankare, akwai hanyar da ba sai an kankare ba, za'a gwada mata na wucin gadi a baki ta gani a madubi kafin a taɓa haƙori, wa zai yi sabuwar ritena, in ɗaya ya faɗo bayan shekara guda, nawa ne kuɗin gyara. Likitan ƙwarai baya jin haushin tambaya, kuma zai fara duba dasashi da tsutsa ya ɗauki hoto. Wanda yace miki a yau a yau za'a gama, ko ana ragi sati ɗin nan kawai, ki ja hannun 'yarki ku fito. Kuma ba laifi ba ne a ji ta bakin likita na biyu, ga sashen haƙori a Asibitin Malam Aminu Kano inda ɗaliban Jami'ar Bayero suke koyon aikin, ga na Asibitin Murtala, ga asibitoci masu zaman kansu masu rajista.

Ina kira ga hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitocin kuɗi a jihar nan da ta leƙa wannan ɓangaren, shafukan masu tallar a bayyane suke da lambobinsu. Ƙungiyar likitocin haƙori reshen Kano su ma dan Allah su shigo gidajen rediyo su yi bayani da Hausa, kar a jira sai 20 ga Maris ranar lafiyar baki ta duniya, lokacin bukukuwa ne ya fi buƙata, bayan ƙaramar sallah da babba da ƙarshen shekara.

Kai kuma Malam Edita ina roƙon ku tura wakili ya zauna da likitan waya da likitan gyaran haƙori ayi hira mai tsawo, a tambaye su wata nawa ya kamata a jira bayan cire waya, su wa ya dace a yi wa biniya su wa bai dace ba, kuma wacce aka riga aka yi wa ba daidai ba ina zata nufa kuma me za'a iya ceto mata. In kun buga zan yanke shafin in manna a bangon ɗakin da nake aiki, amare da iyayensu suna da lokacin karantawa kafin lalle ya bushe.

Na gode, Allah ya saka da alheri, wassalam.

Daga wata uwa mai gyaran amare,
Hotoro, Kano.